Ada Lovelace (1815–1852): Mai Fassarar da Sharhinta Ya Zarce Matani

A shekarar 1843 wata mujallar birnin Landan mai suna Scientific Memoirs, wadda aikinta shi ne juyo maƙalun kimiyya daga harsunan Turai zuwa Ingilishi, ta buga fassarar wata maƙala ta Faransanci game da injin lissafin da ba a ƙera ba tukuna. A bayan fassarar an goya sharhi guda bakwai, waɗanda tsawonsu ya kusa ninka na maƙalar sau uku, ba su kuma ɗauke da suna sai haruffa uku kacal: A.A.L. Mai waɗannan haruffa ita ce Augusta Ada Lovelace, mai shekara 27, uwar 'ya'ya uku, wadda ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba, domin a wancan zamani jami'o'in Ingila ba sa ɗaukar mata. Wannan ne kaɗai babban aikin da ta buga a rayuwarta, kuma a kansa duk sunanta ya rataya. A yau ana yi mata kirari da mai rubuta manhajar kwamfuta ta farko, kirarin da masana tarihi suka daɗe suna jayayya a kai. Abin da ya fi wannan kirari tsayawa da ƙafarsa shi ne hangen da ta yi cewa injin da aka zana don ƙirga lambobi zai iya sarrafa duk wani abu da za a iya mayar da shi alamomi, har da sauti da zane.

Gidan da ta taso

An haifi Ada a Landan ranar 10 ga Disamba, 1815. Mahaifinta shi ne Lord Byron, mawaƙin da sunansa ya cika Turai saboda baitocinsa da kuma abin kunyar da ke bin rayuwarsa. Mahaifiyarta, Anne Isabella Milbanke, 'yar masu hali ce da ta yi karatun lissafi mai zurfi. Auren nasu bai wuce shekara guda ba. A watan Janairun 1816, jaririyar tana da mako biyar, uwar ta ɗauke ta ta koma gidan iyayenta. A watan Afrilu Byron ya bar Ingila, bai sake komawa ba har ya rasu a Girka a 1824, lokacin Ada tana da shekara takwas. Ba ta san fuskarsa ba, kuma an ɓoye mata babban hotonsa na gida sai da ta cika shekara ashirin.

Uwar ta yi imani da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma wannan ne babban abin tsoronta. Don haka ta tsara wa yarinyar karatu mai tsauri na lissafi da ilmin ƙasa da harsuna da kiɗa, da nufin danne duk wata jijiyar mawaƙa da ta gado. Dabarar ta ci, amma ta fuskar da uwar ba ta yi tsammani ba: yarinyar ta shiga lissafin da irin zafin tunanin ubanta. Tana da shekara 12 ta duƙufa kan yadda ɗan Adam zai tashi sama, tana auna fukafukan tsuntsaye, tana gwada takarda da siliki da waya. A 1829 ƙyanda ta kwantar da ita kusan shekara guda, ta kuma daɗe tana dogara sanduna kafin ƙafafunta su dawo daidai. Rashin lafiya bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta.

A ranar 5 ga Yuni, 1833, tana da shekara 17, ta haɗu da Charles Babbage, farfesan lissafi na Jami'ar Kambirij, wanda ya girme ta da shekara 24. Ba da daɗewa ba ta ziyarci gidansa tare da mahaifiyarta, ta ga ɗan ɓangaren injin da ya yi shekaru goma yana fama da shi. A 1835 ta auri William King, wanda aka naɗa masa sarautar Lovelace a 1838, inda ta samo sunan da aka san ta da shi. Ta haifi 'ya'ya uku tsakanin 1836 da 1839. Bayan haihuwa ta uku ta koma karatu gadan-gadan, ta hanyar musayar wasiƙu da Augustus De Morgan, farfesan lissafi na farko a jami'ar Landan kuma ɗaya daga cikin manyan masana ilmin manɗiƙi na ƙarninsa.

Injin da ba a ƙera ba

Sai an fahimci injinan Babbage guda biyu kafin a gane abin da Ada ta ƙara. Na farko, Injin Bambanci, an yi shi ne don buga jadawalin lissafi da matuƙan jiragen ruwa da masu ilmin taurari ke dogara da su, waɗanda a lokacin mutane ke lissafa su da hannu, cike da kurakurai. Dabararsa mai sauƙi ce. A ɗauki jerin 1, 4, 9, 16, 25. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 3, 5, 7, 9, tazarar waɗannan kuma 2 ce a kullum. Wanda ya riƙe wannan 2 zai iya ci gaba da jerin har iya ƙarfinsa da tarawa kawai, ba tare da ya ninka komai ba, kuma tarawa aiki ne da ƙafafun tagulla masu haƙora za su iya yi. Gwamnatin Birtaniya ta zuba kusan fam 17,000 a aikin, amma ya tsaya a 1833 bayan saɓani tsakanin Babbage da maƙerinsa, Joseph Clement.

Maimakon ya ƙarasa na farkon, daga 1834 sai Babbage ya koma zana na biyu, Injin Nazari, wanda ya fi wancan nisa ƙwarai. Ya raba shi gida biyu: rumbu, inda ake ajiye lambobi, da maniƙa, inda ake tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Injin farko aiki ɗaya ya sani. Wannan kuwa yana jiran a gaya masa abin da zai yi ne, kuma hanyar gaya masa Babbage ya aro ta daga masaƙa. A farkon ƙarni na 19 wani Bafaranshe mai suna Joseph Marie Jacquard ya inganta masaƙar da ke karanta jerin katuna masu huji. Kowane kati yana tantance zaren tsayen da za a ɗaga kafin ƙoshiya ta wuce: inda akwai huji zare ya tashi, inda babu ya zauna. Da an sauya katunan, adon zanen ya sauya, masaƙar kuwa tana nan yadda take. Babbage ya mallaki hoton Jacquard da aka saƙa da siliki ta amfani da katuna kusan 24,000, wanda baƙinsa kan ɗauka zanen alƙalami ne sai an faɗa musu. Akwai abin lura a nan: jawabin farko da Lord Byron ya yi a majalisar masu sarauta ta Ingila a 1812 na kare masaƙan safa na yankin Nottingham ne, waɗanda ke farfasa injina don sun raba su da abincinsu. 'Yarsa kuma a jikin injin saƙa ta hango makomar lissafi.

Gwamnati ta juya wa Babbage baya, don haka ya nemi masu sauraro a waje. A 1840 ya gabatar da laccoci a birnin Turin na Italiya. Cikin mahalarta akwai wani injiniyan soja, Luigi Menabrea, wanda daga baya ya zama firayim ministan Italiya. Shi ya rubuta bayanin injin da Faransanci, aka buga a wata mujallar birnin Jeneba a watan Oktoban 1842. Masanin kimiyya Charles Wheatstone ne ya haɗa Ada da aikin juya wannan maƙala zuwa Ingilishi.

Fassara da sharhi

Babbage ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa da ya ga fassarar ya tambaye ta dalilin da ya hana ta rubuta maƙalarta ta kanta, tun da ta san batun sosai, sa'an nan ya ba ta shawarar ta yi ƙarin bayani. Daga nan aikin ya ɗauki siffar da duk wanda ya yi karatun zaure ya sani: ga matani, ga sharhi a gefensa, sharhin kuma ya fi matanin tsawo da zurfi. Silsilar ma ta fi haka tsayi, domin Babbage ya faɗa da baki, Menabrea ya rubuta, Ada ta fassara ta yi ta'aliƙi, Babbage ya sake dubawa. A damunar 1843 wasiƙu sun yi ta kai-kawo tsakaninsu kusan kullum, tana aika masa daftari, yana mayarwa da gyara, wani lokaci tana yi masa faɗa idan ya taɓa mata jimla ko ya ɓatar da wata takarda.

An yi wa sharhin lakabi da haruffa, daga A zuwa G. Na ƙarshen, G, shi ya fi shahara. A cikinsa ta nuna yadda injin zai lissafa lambobin Bernoulli, wato jerin lambobin da ke fitowa idan ana neman jimillar lambobin da aka ninka da kansu, waɗanda aka sa wa sunan Jacob Bernoulli na birnin Basel, wanda littafinsa ya fito a 1713. Zaɓin yana da hikima, domin ana samun kowace lamba a jerin ne daga waɗanda suka gabace ta. Dole ke nan injin ya ajiye abin da ya samu, ya koma baya ya maimaita wasu matakai, ya kuma san lokacin da zai tsaya. Ta shimfiɗa aikin a babban jadawali mai matakai 25, kowane layi yana nuna aikin da za a yi, da gurbin rumbun da za a ɗauko lamba, da gurbin da za a mayar da sakamako, da halin da kowane gurbi ke ciki bayan an gama. Mijinta ne ya bi jadawalin da tawada bayan ta zana shi da fensir. Duk mai koyon rubuta manhaja a yau zai gane wannan tsari da kallo ɗaya.

A nan ne jayayya ta samo asali. Takardun Babbage sun nuna cewa tsakanin 1837 da 1840 ya rubuta wa injin tsare-tsaren umarni da dama da bai buga ba, kuma shi da kansa ya ce shi ya fara warware lissafin Bernoulli don ya rage mata wahala, ko da yake ya ƙara da cewa ta dawo masa da shi bayan ta gano wani babban kuskure da ya yi. Bruce Collier a kundin digirinsa na 1970, da Dorothy Stein a littafinta na 1985, sun kafa hujja da irin waɗannan don rage darajar gudummawarta, har Stein ta yi shakkar ƙwarewarta a lissafi. Daga baya Christopher Hollings da Ursula Martin da Adrian Rice suka sake bin wasiƙunta da De Morgan da ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Okusfod, suka nuna cewa an yi wa wasu daga cikinsu gurguwar fahimta saboda kuskuren jera kwanan wata, kuma ɗalibar da ke cikin wasiƙun mai kaifin ido ce, wadda ke kama kurakuran littafi tana kuma tuhumar ƙa'idojin da malamanta suka ɗauka tabbatattu. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, Babbage ya riga ta rubuta umarni ga injin, amma nata ne ya fi cika a cikin waɗanda aka buga a wancan zamani, kuma shi ne aka yi don mai karatu ya bi shi ya tantance.

Gardamar wa ya riga wa ta janye hankali daga sharhi na farko, A, inda ainihin sabon tunanin yake. Babbage masanin lissafi ne, kuma lambobi yake gani a injinsa. Ada ta rarrabe abu biyu: aikin da injin ke yi, da abin da ake yin aikin a kansa. Ƙafar tagulla da ta tsaya a kan 5 ba ta san ko biyar ɗin tumaki ne ko kwanaki ko matakin murya ba. Saboda haka, in dai za a iya bayyana dangantakar wasu abubuwa da ƙa'ida, injin zai iya sarrafa su ko da ba adadi ba ne. Misalin da ta kawo na kiɗa ne, fannin da ta sani da hannunta domin ta yi shekaru tana koyon waƙa da kaɗa wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa. Ta yi hasashen cewa idan aka iya rubuta dangantakar sautuka da ƙa'idojin jituwarsu ta wannan hanya, injin zai iya tsara kiɗa mai sarƙaƙiya komai tsawonsa. A wannan sharhin ne kuma ta kwatanta aikin injin da na masaƙar Jacquard, ɗaya na saƙa furanni da ganyaye, ɗaya na saƙa adon aljabara. Doron Swade, wanda ya jagoranci ƙera ɗaya daga cikin injinan Babbage a gidan tarihin kimiyya na Landan, yana ganin wannan tsallake daga lamba zuwa alama shi ne abin da babu shi a rubuce-rubucen Babbage.

Duk da wannan hange, ta ja wa injin iyaka. A sharhin G ta gargaɗi masu karatu kada su kambama shi, domin a ganinta ba ya ƙago komai da kansa, abin da mutum ya san yadda zai umarce shi kawai yake yi. Marubuciyar da ta buɗe wa injin ƙofar fasaha ita ce kuma ta hana shi sunan mai fasaha, ta bar wannan suna ga wanda ya huda katunan.

Gab da bugawa sai da zumuncinsu ya girgiza. Babbage ya so a liƙa wa aikin wata gabatarwa marar suna da ke sukar yadda gwamnati ta yi watsi da shi. Masu mujallar suka ƙi sai in zai sa hannu, shi kuma ya nemi Ada ta janye aikin gaba ɗaya. Ta ƙi, domin ta gane cewa ƙorafin zai rataya a wuyanta ne ya kuma shafe watannin da ta yi tana aiki. A tsakiyar watan Agusta ta rubuta masa doguwar wasiƙa tana tayin ta karɓi ragamar hulɗa da jama'a da neman kuɗin ƙera injin, shi ya ji da zane. Bai amince ba. Sun ci gaba da abota, amma ba su sake yin wani aiki irin wannan tare ba.

Shekarun ƙarshe

Shekaru tara da suka rage mata ba su haifar da wani bugu mai nauyi ba. Ta yi musayar wasiƙu da Michael Faraday, ta yi burin samar da lissafin da zai bayyana aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, amma ciwo da magungunan kashe zafi masu sa maye sun ci ƙarfinta. Wajen 1850 ta faɗa cacar sukuwar dawaki, ta yi asarar dubban fam, har ta jinginar da kayan adon gidan mijinta a ɓoye, mahaifiyarta ta fanso su. Sankarar mahaifa ta kwantar da ita watanni cikin azaba, uwar ta karɓe ikon gidan tana zaɓen wanda zai shiga wurinta. Ta rasu ranar 27 ga Nuwamba, 1852, tana da shekara 36, daidai shekarun da mahaifinta ya rasu yana da su. Bisa wasiyyarta aka binne ta kusa da shi a cocin garin Hucknall.

Fassara ba ta bar gidan ba. 'Yarta, Anne Blunt, ta koyi Larabci, ta ratsa hamadar Najadu, ta kuma fassara Mu'allaƙat bakwai na jahiliyya zuwa Ingilishi, mijinta ya mayar da su baitoci aka buga a 1903. A Alƙahira ta rasu a 1917.

Bayan ƙarni guda

Sharhin ya yi kusan shekara ɗari ba mai waiwayarsa sai ƙalilan. A 1950 Alan Turing, a maƙalarsa kan ko inji zai iya tunani, ya ɗauko iyakar nan da ta ja ya sa mata sunanta a cikin hujjojin da ya yi ƙoƙarin rushewa. Amsarsa ita ce injina kan ba masu su mamaki sau da yawa, domin mutum ba ya iya hango duk abin da umarninsa zai haifar. Wannan muhawara ce ake ci gaba da yi yau game da hotuna da waƙoƙin da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa, kusan da hujjoji iri ɗaya. A 1953 B. V. Bowden ya sake buga sharhin a littafinsa kan kwamfutocin farko na Birtaniya.

Hasashenta na kiɗa ya tabbata a 1957, bayan shekara 114, lokacin da Lejaren Hiller da Leonard Isaacson na Jami'ar Illinois suka sa kwamfutar ILLIAC ta zaɓi sautuka bisa ƙa'idojin jituwa, aka sami kiɗan da makaɗa huɗu suka kaɗa. A 1965 Georg Nees da Frieder Nake a Jamus, da A. Michael Noll a Amurka, suka baje zane-zanen da kwamfuta ta ja bisa umarnin da suka rubuta. A 2001 Casey Reas da Ben Fry suka fito da Processing, harshen umarni na kyauta da aka yi musamman don masu zane, wanda dubban ɗalibai ke koyon zana hoto da lissafi ta hanyarsa. Zai zama ƙari a ce waɗannan mutane daga Ada suka koya. Sun iso wurin ta hanyoyinsu, suka tarar an riga an kwatanta shi.

Haka kuma zai zama ƙari a kira ta uwar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda ake sakin rubutun umarninta kowa ya karanta ya gyara ya ƙara. Alaƙar da ke akwai ta biyo ta wata hanya ce. Ma'aikatar tsaron Amurka ta sa wa sabon harshenta na kwamfuta suna Ada, ta amince da ƙa'idarsa ranar 10 ga Disamba, 1980, ta kuma ba takardar lamba 1815, shekarar haihuwarta. A 1992 rundunar sojan saman ƙasar ta ba Jami'ar New York kwangilar rubuta GNAT, manhajar da ke juya harshen Ada zuwa abin da inji ke ganewa, da sharaɗin a sake ta ƙarƙashin lasisin GNU, kowa ya ɗauka kyauta.

Injin Nazari kuwa ba a taɓa ƙera shi ba. Babbage ya rasu a 1871 ya bar ɗan guntun maniƙa da dubban shafukan zane. Injin Bambanci na biyu da ya zana ne gidan tarihin kimiyya na Landan ya ƙera a 1991, ya kuma yi aiki. Jadawalin sharhin G bai taɓa hawa injin da aka rubuta shi dominsa ba, amma da yake an buga shi filla-filla, masu rubuta manhaja na wannan zamani sun juya shi zuwa harsunan kwamfuta sun gwada. Sun tarar da kuskure guda a mataki na huɗu, inda aka musanya lambar da za a raba da wadda za a raba da ita. Da aka mayar da su wurarensu, jadawalin ya fitar da amsar da ta dace.